Isnadin Hoton da Aka Ɗauko Daga Sama

Daga cikin sana'o'in da zamanin nan ya haifar, waɗanda kakanninmu ba su taɓa jin labarinsu ba ko da a hikaya, akwai wani fatauci wanda hajarsa ba goro ba ce, ba kuwa gishiri ko tufafi ba, sai dai hotunan doron ƙasa da taurarin ɗan'adam ke ɗaukowa daga sararin samaniya, a tace su, a fassara su, sa'an nan a sayar wa bankuna da kamfanonin inshora da 'yan kasuwar hatsi da hukumomi. Galibin masu sayen wannan haja suna karɓarta ne da yaƙini, bisa zaton cewa abin da aka hango daga sama ba ya karɓar jayayya, alhali kuwa kowace taswira da kamfani ya miƙa musu riwaya ce da ta biyo ta hannuwa da dama, kuma kamar yadda malaman hadisi ba sa hukunci da ingancin matani sai sun binciki isnadinsa, haka ya wajaba mai saye ya san tauraron da labarin ya fito daga gare shi.

Tushe na farko, wanda kuma ya fi kowane daɗewa, shi ne taurarin gwamnatoci. A watan Yuli na 1972 Amurka ta harba tauraron farko na jerin da ake kira Landsat, kuma tun daga lokacin ba a daina ɗaukar hoton ƙasa ba, har aka zo kan Landsat 9 a 2021. Kowane ɗigo ɗaya na hotonsa yana wakiltar fili mai faɗin mita 30, kuma tauraro guda yana komowa kan wuri ɗaya bayan kwana 16. A da sai da kuɗi masu kauri ake samun hotunan, amma a 2008 hukuma ta buɗe taskarta kyauta ga kowa. Tarayyar Turai ta bi sahu da shirinta na Copernicus, inda ta harba Sentinel-2 a 2015 da ɗan'uwansa a 2017, masu gani har mita 10, masu zagayowa duk kwana 5, su ma fi sabilillahi. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, kaso mai yawa na abin da kamfanoni ke sayarwa game da noma da dazuzzuka daga wannan taska ta kyauta aka ɗebo shi, kuɗin da ake biya ladan tacewa ne da sharhi.

Tushe na biyu shi ne taurarin kasuwa masu kaifin gani. Faransa ce ta share fage da SPOT a 1986, sa'an nan, bayan da Amurka ta yi doka a 1992 wadda ta sauƙaƙa wa kamfanoni mallakar irin waɗannan taurari, aka harba Ikonos a 1999, mai rarrabe abin da bai wuce mita ɗaya ba. A yau WorldView-3, wanda aka harba a 2014, da Pléiades Neo na kamfanin Airbus, suna gani har wajen santimita 30, wato a hotonsu ana iya ƙirga motocin da ke tasha da rumbunan da ke bayan gida. Sai dai kaifin nan yana da farashinsa, domin wanda ya ƙura ido a kan abu ɗaya ba ya ganin na gefe: ƙaramin yanki suke ɗauka a kowane zagaye, sai mai bukata ya biya an juya masa na'urar zuwa inda yake so, kuma a kan murabba'in kilomita ake yanka masa kuɗi.

Tsakanin waɗannan biyu sai wata dabara ta ɓullo, wadda ta fifita yawa a kan girma. Kamfanin Planet na Amurka ya ƙera taurari ƙanana waɗanda mutum zai iya ɗauka da hannu, ya watsa su da yawa a sama, har ma a watan Fabrairu na 2017 wani kumbon Indiya ya ɗauki taurari 104 a tashi guda, 88 daga ciki nasa ne. Ganinsu bai wuce wajen mita 3 ba, amma fa'idarsu ita ce kusan kullum suna ɗaukar hoton busasshiyar ƙasa baki ɗaya, saboda haka wanda yake son sanin ranar da aka fara sare wani daji, su ne shaidunsa.

Dukkan waɗanda muka ambata da hasken rana suke gani, don haka dare yana makantar da su, gajimare yana yi musu hijabi, ƙurar hunturu ma tana dushe musu hoto. Ga shi kuwa lokacin da aka fi muhtajar su, wato tsakiyar damina da ambaliya, shi ne lokacin da hadari ya fi rufe sama. Maganin wannan illa ita ce na'urar rada, wadda ke aika nata igiyoyin zuwa ƙasa ta saurari amsawarsu, ba ruwanta da dare ko girgije. Sentinel-1 na Turai, tun 2014, yana ba da irin wannan hoto kyauta, kamfanin ICEYE na ƙasar Finland kuwa, wanda ya harba tauraronsa na farko a 2018, sayarwa yake yi, musamman ga masu inshorar ambaliya. A hoton rada ruwa kwantacce baƙi yake fitowa, domin igiyar tana zamewa a kansa ba ta komowa; amma rairayi mai santsi na hamada shi ma baƙi yake fitowa, ta yadda wanda bai ƙware ba zai iya rantsuwa ya ga tafki a inda ko raɓa babu. Akwai kuma taurarin da ba hoto suke ɗauka ba sam, saƙonnin da jiragen ruwa ke aikawa game da inda suke kaɗai suke saurara, a haɗa su a sayar wa masu bibiyar fataucin teku.

Ƙasashenmu ma suna da hannu a wannan al'amari. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a watan Satumba na 2003, ta ƙara da NigeriaSat-2 a 2011, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kuwa, wadda aka kafa a 1974 bayan babban fari, ta daɗe tana amfani da bayanan taurari wajen lura da damina da makiyaya a yankin Sahel. Babban darasi ya zo ne daga Maraɗi da Damagaram, inda masana suka gwama tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraro, suka ga itatuwa, musamman gawo, sun dawo a gonaki masu faɗin kimanin hekta miliyan 5. Hoto ya nuna itatuwan, amma bai iya faɗin dalili ba, sai da aka taka ƙasa aka zauna da manoma, aka tarar su ne suka riƙa barin tohon kututture suna yi masa sassabe da hikima har ya zama itace.

A nan ne maganar isnadi take da nauyi. Ɗauki gonar talaka mai hekta ɗaya, wadda ya shuka gero a kunya ɗaya, wake a tsakani, ga gawo biyu a tsakiya, ga gonar maƙwabci ta dawa ba shinge tsakaninsu. A idon Sentinel-2 gonar nan ɗigo 100 ce, a idon Landsat kuwa ɗigo 11 ne da 'yan kai, kuma kowane ɗigo ya cakuɗa gero da wake da ciyawa ya ba da launi guda. Tauraro yana auna koren ganye ne kawai, bai san ko koren na amfani ne ko na ciyawar da ta ci gona ba, bai kuma san ko zangarniya ta yi ido ko tsuntsu ya riga mai ita ba. Kwamfutar da ke fassara launin, idan da manyan gonakin masara na Amurka aka horar da ita, to fatawarta a kan gonar Bahaushe mai rauni ce, komai kyan taswirar da ta fitar.

Saboda haka duk hukuma ko banki ko ƙungiyar manoma da aka kawo wa irin wannan haja, haƙƙinta ne, kafin ta sa hannu, ta nemi a bayyana mata sunan tauraron da ya ɗauki hoton, da ranar da ya ɗauka, da girman ɗigonsa, da ko akwai gajimare a ranar, da kuma ko an tura malamin gona ya je ya gwada abin da aka hango da abin da ke ƙasa. Kamfanin kirki ba zai ƙi amsa waɗannan ba, wanda ya yi ta kewaye-kewaye kuwa ya riga ya ba da amsa. Ya kuma kamata jami'o'inmu su dage wajen koya wa ɗalibai karatun hotunan Landsat da Sentinel, tun da ƙofarsu a buɗe take ga duk mai kwamfuta da intanet, domin kada mu wayi gari muna sayen labarin gonakinmu da tsada daga hannun wanda ya ɗebo shi kyauta.