Yadda Annabi Isa (AS) Ya Yi Ibada A Cikin Banu Isra'ila

 

Wata rana muna darasin tarihin annabawa, sai autan ajinmu ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai Annabi Isa ran Lahadi yake zuwa coci?" Muka fashe da dariya. Malam ya bari har muka gama, sannan ya ce, "To, ku masu dariya, wa zai ba shi amsa?" Aji ya yi tsit. Nan take ya ɗora mana aikin bincike, ga kuma abin da muka samo. Ma'auninmu dai Alƙur'ani ne. Abin da muka ɗauko daga littattafan Linjila huɗu da ke hannun Kirista, wato Matiyu da Markus da Luka da Yohanna, za mu riƙa faɗin cewa ruwayarsu ce.

An haifi Annabi Isa (AS) a ƙasar Falasɗinu tana ƙarƙashin mulkin Rumawa, ya tashi a Nazarat cikin yankin Galili. Mutanensa Banu Isra'ila ne, littafinsu Attaura, shari'arsu ta Annabi Musa (AS). A lokacin babu coci ko ɗaya a duniya. Wuraren ibadarsu biyu ne: Haikalin birnin Ƙudus, inda ake yanka da manyan idodi, da majami'un garuruwa, inda ake taruwa a karanta littafi.

Luka ya ruwaito cewa an yi masa kaciya rana ta takwas, kamar kowane ɗa namiji a Banu Isra'ila. Da kwanakin tsarkin jego suka cika, wato arba'in a shari'ar Attaura, aka kai shi Haikali aka ba da tsuntsaye biyu hadaya. Wannan shi ne rangwamen da Attaura ta yi wa wanda ba shi da halin ɗan rago. Kun ga ke nan gidan talakawa ne. Yana ɗan shekara 12 aka je da shi Ƙudus Idin Ƙetarewa, idin tunawa da fitar Banu Isra'ila daga hannun Fir'auna.

Da ya girma ma haka ya ci gaba. Luka ya ce al'adarsa ce shiga majami'a ran Asabar, har ya taɓa miƙewa a Nazarat ya karanta littafin Ishaya a gaban jama'a. Yohanna ya ambaci zuwansa Ƙudus Idin Bukkoki. Matiyu ya nuna akwai geza a bakin rigarsa, irin wadda Attaura ta umarci maza su sa don su riƙa tuna dokokin Allah, kuma ya ruwaito azuminsa na kwana arba'in da yadda ya kifa fuskarsa ƙasa yana addu'a. Markus ya ce da ya warkar da kuturu, sai ya aike shi wurin limamin Haikali ya duba shi, yadda shari'ar Musa ta tsara. Da aka tambaye shi doka mafi girma, da kaɗaita Allah da ƙaunarsa ya fara, kalmomin da Yahudawa ke maimaitawa safe da yamma har yau. Attaura ta haramta naman alade, kuma babu inda littattafan huɗu suka ce ya ci.

To, in haka ne, mene ne ya haɗa shi da malaman Yahudawa? Yawancin gardamarsu a kan fahimtar doka ce. Wasu sun ga warkar da mara lafiya ran Asabar aiki ne, aiki kuwa haramun ne a ranar. Shi kuma ya nuna musu ai ko tunkiyar mutum ce ta faɗa rami ran Asabar zai ciro ta, balle ɗan Adam. Wannan ya tuna mana aya ta 50 a Suratu Ali Imrana, inda aka bayyana cewa ya zo yana gaskata Attaura, yana kuma halatta musu wani sashe na abin da aka haramta. A Suratu Maryam kuwa an ambaci sallah da zakka a cikin abin da Allah ya yi masa wasiyya da shi.

Rabuwa ta zo ne daga baya, sannu a hankali. Littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mabiyansa na farko sun ci gaba da zuwa Haikali, kuma a Antakiya aka fara kiran su Kirista. Wajen shekara ta 49 miladiyya manyansu suka zauna a Ƙudus suka yanke cewa waɗanda ba Yahudawa ba, in sun shigo, ba sai sun yi kaciya ba. A shekara ta 70 Rumawa suka rushe Haikali. Kirista sun daɗe suna taruwa ran Lahadi kafin Sarki Kustantin ya mai da ita ranar hutu a daularsa a 321.

Saboda haka amsar autanmu ita ce: ran Asabar yake zuwa majami'a, coci kuwa sai bayansa ya samu.

Ƴan uwa, da yawa daga cikinmu benci ɗaya muke zama da ƴaƴan Kirista a makarantar boko, iyayenmu kuma kasuwa ɗaya suke ci da nasu. Saɓaninmu da su a kan matsayin Annabi Isa yana nan: mu a wurinmu bawan Allah ne kuma Manzonsa. Amma Suratul Ankabut ta hore mu da kyakkyawar magana in muna muhawara da ma'abota littafi, kuma wanda bai san tarihi ba gori kaɗai zai iya. Duk wanda aka yi wa wannan tambaya a unguwa, ya amsa da ilimi da ladabi, kada ya yi irin dariyarmu.

 

Ɗaliban aji na shida