Stronghold: Katangar da Rumbu Ke Riƙe da Ita

A cikin wasannin kwamfuta akwai wani rukuni da ake kira wasannin dabarun yaƙi na kai-tsaye. A dara kowa jiran ɗan'uwansa yake ya yi nasa motsin, amma a nan babu jira. Kana gini abokin gaba yana nasa, kana sare itace shi kuma ya riga ya tura maharba. Ɗaya daga cikin fitattun wasannin wannan rukuni shi ne Stronghold, wanda kamfanin Firefly Studios na Landan ya fitar a 2001, sannan Stronghold Crusader ya biyo baya a 2002.

Kai ne ubangidan wata fada a Turai ta tsakiyar zamani. Ana ba ka 'yan talakawa da ɗan itace, a ce ka gina gari, ka kewaye shi da katangar dutse, ka tsare ranka. Ranar da aka kashe ubangida, wasa ya ƙare.

Sabon shiga yakan ruga gina hasumiya. Wanda ya goge kuwa rumbu yake fara dubawa. Kafin burodi ya shiga bakin talaka sai an noma alkama, an kai ta maniƙa, an kai garin gidan gashi. Dutse shanu ne ke jawo shi daga ma'aikatar fasa duwatsu. Baka sai gwanin sassaƙa ya samu itace. Akwai kuma ma'aunin farin jini daga 0 zuwa 100: ka tsawwala haraji ko ka rage abinci ya faɗi ƙasa da 50, sai ka ga mutane suna ficewa ɗaya bayan ɗaya. Babu talaka, babu mai ɗaukar baka. A Crusader abin ya fi tsanani, domin gona ba ta yiwuwa sai a dausayi, don haka faɗan farko a kan 'yar koriyar ƙasa ake yin sa.

Wannan muhimmancin abinci ba ƙirƙirar masu tsara wasan ba ce. A 1215 Sarki John na Ingila ya yi wa fadar Rochester ƙawanya. Mahaƙa suka yi rami ƙarƙashin hasumiya, suka tokare da itace, aka cinna wuta da kitsen aladu 40, kusurwar ginin ta rufta. Duk da haka waɗanda ke ciki suka ja da baya zuwa ɗaya ɓangaren, kuma yunwa ce ta sa suka miƙa wuya daga ƙarshe. Magabatanmu ma sun san wannan lissafi, shi ya sa ganuwar Kano ta kewaye har da filayen noma, ba gidaje kaɗai ba. Bambancin shi ne ganuwa ta kowa ce, fadar Turai kuwa da fari don ubangida da dakarunsa aka gina ta.

Kayan ƙawanya duk suna cikin wasan: masu tsani, mahaƙan rami, gungumen fasa ƙofa, da manyan majaujawa masu jifa da dutse, wani lokaci har da mushen saniya don yaɗa cuta. Mai tsaro kuma yana da tafasasshen mai da ramukan kwalta da ake harba wa kibiyar wuta.

A 2006 kamfanin ya fitar da Stronghold Legends, inda ya bar tarihi ya koma tatsuniya. Ɓangarori uku ne. Akwai Sarki Arthur da jarumansa da bokansa Merlin, akwai Siegfried na almarar Jamusawa a ƙasar ƙanƙara da samudawanta, sai Vlad Dracula da rundunar mutane masu rikiɗa kyarkeci da manyan jemagu. Sama da su duka ga dodanni masu fuka-fuki suna aman wuta.

Kallonsa akwai daɗi, ba musu. Amma a ganina nan ne wasan ya sare reshen da yake zaune a kai. Daɗin Stronghold yana cikin sanin cewa katanga tana da amfani, kuma ka biya kuɗinta da gumin manoma. Idan dodo zai tsallake ta ta sama, basamude ya rushe ta da ƙulki, me ya rage na wahalar jawo dutse? Masu sharhi ma ba su karɓe shi hannu bibbiyu ba kamar yadda suka karɓi na farkon. Kamfanin ya sake sabunta na 2001 da zane na zamani a 2023, sannan Crusader a 2025.

Iyaye masu son sanin abin da yaro ke yi gaban kwamfuta, ga abin lura. Legends cike yake da bokaye da tsafin tatsuniya, kuma a jerin wasannin giya tana cikin abubuwan da ke ƙara wa ubangida farin jini, ko da yake ana iya cin wasa ba tare da ita ba. Crusader kuma ya sa Salahuddin da Richard na Ingila a fage ɗaya, amma yawancin sarakunan da ke cikinsa, irin su Ɓera da Maciji da Kyarkeci, ƙagaggu ne. Yaron da ya ji sunan Salahuddin a can yana bukatar wanda zai gaya masa cewa mutum ne na gaske, kuma shi ya karɓo Ƙudus a 1187.