Batirin Sola Ba Ya Riƙe Caji: Ina Matsalar Take?

A gidaje da shagunan caji na Gaya da Ajingi, kusan kowa ya san wannan takaicin. Rana ta wuni tana dukan farantin sola, amma ana idar da sallar isha'i inbata ta fara kuka, fanka ta tsaya, fitila ta mutu. Ɗalibin da ya buɗe littafi don shirin WAEC ko NECO sai ya koma hasken waya. Abin da ake fara cewa shi ne, "Batir ya mutu, sai sabo." Sabon kuwa kuɗinsa ba na wasa ba ne. Mu 'yan kulob ɗin jarida muna ganin an cika gaggawar yanke masa hukunci, domin sau da yawa yunwa ce take damunsa.

Mu ɗauki batir kamar randa. In aka wayi gari babu ruwa, ko dai ba a cika ta ba, ko an sha fiye da abin da aka zuba, ko kuma ta tsage. Ba a fasa randa sai an duba na farko da na biyu.

Mu fara da cikawa. A hunturu ƙura tana kwanciya a kan farantin har a iya rubuta suna da yatsa, kuma tana tare hasken rana. A goge shi da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin ya yi zafi. A duba inuwa: reshen darbejiya ɗaya da ya rufe gefen farantin yana iya rage wutarsa fiye da yadda ido zai zata. A nan yankinmu farantin kudu ya kamata ya fuskanta, a ɗan karkace. Sai kan batir. Farin garin nan ko koren da yake taruwa a kai, da waya mai lilo, duk suna hana caji shiga. A cire wayar, a wanke da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, ba tare da ruwan ya shiga cikin batir ba, a ɗaure tamau. Masu haɗa faranti da batir kai tsaye babu kwanturola kuwa, dafa batirin suke yi.

Inda muka fi so a tsaya shi ne lissafin sha, don nan ne darasin fiziks yake biyan kuɗin makaranta. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 100Ah yana ɗauke da 12 × 100, wato 1,200Wh. Amma irin wannan batir na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, saboda haka 600Wh ne naka. Yanzu a ƙirga kayan gida: fanka mai wat 60, talabijin mai wat 50, ƙwayayen fitila biyar masu wat 10 kowanne. Jimla wat 160. A sa'a shida sun sha 960Wh. Faranti mai wat 150 kuma, ko da rana ta yi kyau, abin da zai zuba a wuni bai cika wuce 600Wh ba. Kun ga ana ɗiba fiye da zubawa kullum. Akwai ma ɓarawon da ba a gani: inbata tana cin wuta ko ba a kunna komai ba. In tana cin wat 15, a kwana ɗaya da wuni ta sha 360Wh ita kaɗai. Kashe ta da rana in babu aiki ba rowa ba ce.

Me ya sa wannan yunwa take kashe batir? Tun da Gaston Planté ya ƙirƙiro shi a Faransa a 1859, aikinsa bai canja ba: faifan dalma ne a jiƙe cikin ruwan asid. In ana shan wuta, wani farin gishiri yana taruwa a jikin faifan. In aka cika caji sai ya narke ya koma cikin ruwan. Idan batir ya yi makonni bai cika ba, gishirin yana daskarewa ya ƙi narkewa, randar ta ƙanƙance. Shi ya sa za ka ga ya nuna ya cika cikin sa'a ɗaya, ya kuma ƙare cikin sa'a ɗaya. Zafi yana ƙara ta'azzara abin. A ƙa'ida, ƙarin zafi na kusan digiri 10 sama da digiri 25 yana rage rabin rayuwar batir, mu kuwa a Afrilu da Mayu mukan haura 40. Ajiye shi a ɗakin kwano marar taga zalunci ne.

Gwajin da zai raba gardama yana buƙatar mita, wadda kowane mai gyaran lantarki yake da ita. A yi caji sosai, a cire duk wayoyi, a bar batir ya huta sa'o'i kaɗan, sannan a auna. Bolt 12.6 zuwa 12.7 cikakke ne. Wajen 12.2 rabi ne. In ya tsaya a wajen 10.5 duk da caji, to ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ya lalace, domin kowane ɗaki yana ba da kusan 2.1, kuma wannan ba ya gyaruwa. In ya nuna 12.6, a jona masa ƙwan fitilar mota mai wat 55. Lafiyayyen batir mai 100Ah zai riƙe shi sa'o'i da yawa. Wanda ya faɗo ƙasa da 11 cikin 'yan mintuna ya gama aiki.

In batirin mai murfi ne, a leƙa. Ruwa ya rufe faifan. Idan ya ja baya, tataccen ruwan batir kaɗai ake ƙarawa, ba na rijiya ba, ba na leda ba, kuma ba asid ba, komai daɗin bakin mai sayarwa. Kada a leƙa da ashana, iskar da yake fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta. Wannan aikin manya ne, mu ɗalibai mu tsaya ga lissafi da gogewa.

Idan ya tabbata sai sabo, a nemi wanda aka yi don sola. Batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙu kaɗan ya tayar da inji, ba ya jure a tatse shi kowane dare. Kada kuma a haɗa sabo da tsoho, tsohon zai ja sabon ƙasa. Masu batirin litiyam su lura, alƙaluman da muka kawo ba nasu ba ne.

Tsohon kuma kada a fasa shi a tsakar gida don ciro dalma. Gubar dalma ce, daga wajen haƙar zinare, ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, kuma ita ce dai a cikin batir. A miƙa shi a rufe ga masu saye, ƙanne su yi nesa da shi.