Magariya: Takarar Depite Ƙarƙashin Tutar Nasara, Daga Fada Zuwa Kasuwa

Duk wanda ya san Magariya da Dungas ya san ba a cin zaɓe a ofis, a kasuwa ake cinsa. Shi ya sa a lokacin yaƙin neman zaɓen 'yan majalisar dokoki na ranar 27 ga Disamba 2020, 'yan takara suka riƙa bin ranakun kasuwa ɗaya bayan ɗaya, daga Bande zuwa Waca, daga Dancawo zuwa Dogo-Dogo.

A cikinsu, wanda aikinsa ya fi wuya shi ne ɗan takarar MNSD-Nasara, jam'iyyar da ake kira ta masu ra'ayin riƙau. Janar Ali Saibu ne ya kafa ta a 1989 a matsayin jam'iyya ɗaya tilo, kuma tun daga farko ƙarfinta yana wurin sarakuna, dattawa da manyan alhazai. Saboda haka ɗan takararta bai cika fara taro a fili ba sai ya kai gaisuwa fada, ya zaga wurin malamai. Maganarsa ba ta wuce zaman lafiya, girmama na gaba, da tuna wa jama'a zamanin Tanja Mamadu, wanda Allah ya yi wa rasuwa wata guda kafin zaɓen.

Sai dai Damagaram ba ta taɓa zama gonar Nasara ita kaɗai ba. Nan ne gidan Mahaman Usman, wanda ya ci shugabancin ƙasa a 1993 da CDS-Rahama, ya dawo a 2020 da RDR-Canji. Ga kuma PNDS-Tarayya mai mulki a lokacin, ɗan takararta Bazum Mohamed shi ma ɗan jihar ne. Nasara da ta samu kujera 47 cikin 113 a 2004, a 2020 da 13 ta tashi a duk faɗin ƙasa.

Akwai abin da ba a cika bayyana wa masu jefa ƙuri'a ba, mu ma 'yan rediyo ba mu faye tsayawa a kansa ba. A zaɓen 2020, Magariya ba ta da kujerarta ta kanta. A lokacin jiha ce mazaɓa, jam'iyya kan ba da jerin sunaye na jihar Damagaram, a raba kujeru gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. Ke nan mai tuyar ƙosai da ta jefa ƙuri'a don ɗan garinsu, tana iya tura wani daga Gure ko Tanut zuwa Yamai, idan sunan nata yana can ƙasan jeri. Magariya kuwa ba ƙaramar rumbun ƙuri'a ba ce: ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum dubu 570 a gundumar, ban da na Dungas da aka cire daga cikinta a 2011.

To me 'yan kasuwa suka so ji a wancan lokaci? Iyaka. Tun watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta, wake da riɗi da dabbobin da aka saba kai wa Maigatari da Babura suka rasa hanya, sai ta ɓarauniya, da kuɗin da ake zubarwa a kanta. An buɗe ƙofar Maigatari ranar 16 ga Disamba 2020, saura kwana 11 zaɓe. Babu depiten da ya rufe ta, babu wanda ya buɗe ta; hukuncin Abuja ne. Abin da ke hannun depite a lokacin shi ne kasafin kuɗi, inda ake yanke patanti da kuɗin duwan. Wannan kuwa ba ya jan tafi kamar zannuwa, goro da kiɗan kalangu, don haka ba a daɗe a kansa.

Mata su ne cikar taro, su ne guɗa, su ne dogon layi ranar zaɓe. Dokar kaso ta shekarar 2000 ta ba su kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, aka kai shi 15 a 2014, sannan 25 a 2019. Jam'iyyar riƙau ma dole ta sa sunayen mata. A ganinmu an bi doka, amma mai sayar da man gyaɗa a kasuwa ba ita ake nema ba idan an zo rubuta jeri.

Bayan zaɓe, Nasara ta mara wa Bazum baya a zagaye na biyu, shugabanta Saini Umaru ya zama shugaban majalisa a watan Maris 2021. Majalisar ba ta cika wa'adinta ba. Sojoji sun karɓi mulki ranar 26 ga Yuli 2023 suka rushe ta, iyaka ta sake rufuwa saboda takunkumin CEDEAO, a 2024 aka rushe majalisun jihohi da na ƙananan hukumomi, a watan Maris 2025 kuma aka soke jam'iyyun siyasa gaba ɗaya, har da Nasarar.