Kalmar "Redact": Asalinta da Sauyin Ma'anarta

Aikatau ɗin nan na Ingilishi, "redact", yana daga cikin kalmomin da kan yaudari mai fassara, domin ma'anar da tsofaffin ƙamusoshi suka ba shi ta sha bamban da wadda aka fi nufi da shi a yau.

Tushensa Latin ne, daga "redigere", wadda aka gina da ɗafa-goshin "red-", mai nuna komawa, da saiwar "agere", wato kora ko tafiyar da abu. Asalin ma'anar ke nan a koro abu a dawo da shi wuri guda, kamar yadda makiyayi kan tattaro bisashensa da yamma. Daga nan ta koma tattara bayanai a tsara su su zama rubutu ɗaya, kuma da wannan ma'ana ta shiga Ingilishi a ƙarni na 15. Faransanci ya riƙe ta har yanzu: "rédaction" ita ce insha'in da ɗalibi ke rubutawa a makarantun Nijar, "rédacteur en chef" kuma babban editan jarida.

A Ingilishi kuwa kalmar ta ƙuntata a bakin lauyoyi da ma'aikatan hukuma. Dokar 'yancin samun bayanai ta Amurka, ta 1966, ta wajabta wa hukumomi sakin takardu ga mai nema, amma ta yarje musu ɓoye abin da ya shafi tsaro ko sirrin wani. Sai a bi layukan da baƙin tawada a rufe, sannan a miƙa takardar. Wannan rufewa ita ce "redact" ta yau. Haka aka saki rahoton Robert Mueller a watan Afrilu na 2019, shafuka da dama ɗauke da baƙaƙen layuka.

A nan ne mai fassara kan yi tuntuɓe. Idan ya ce "gyararren rahoto", mai sauraro zai zaci an kyautata shi ne, alhali an hana shi ganin wani sashe. "Tacewa" ta fi kusa, sai dai ita ma da saura, don abin da rariya ke riƙewa dusa ce, a nan kuwa sau da yawa tsabar ce ake riƙewa. Ga shi kuma gurbin yana nan a fili, kowa na ganin tsawonsa. Doguwar fassara ta fi aminci: "rahoton da aka rufe wasu sassansa".