Jira, Dako Da Tsammani: Bambancin Da Ke Tsakaninsu

A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya, ba a rasa mai zaman jira. Sai dai kowane irin jira da sunansa a Hausa.

Fasinjan da ya biya kuɗi ya zauna har mota ta cika, jira yake yi, domin motar za ta tashi. Ɗan kasuwar da ya sayi masara a Doguwa, ya kwana biyu idonsa na kan hanya, dako yake yi, wato jira mai tsawo da ya haɗu da ƙosawa. Amma ma'aikacin da ya ci bashi don ya ji za a biya ariyas, tsammani kawai yake yi, tunda ba a tsayar da rana ba.

Bambancin ya shafi aljihu. Abin da ake jira ana iya ƙulla ciniki a kansa, abin tsammani kuwa ba a sa shi cikin lissafi. Shi ya sa Hausawa ke cewa, tsammanin warabbuka, malam ya ƙi noma don zakka.