In ciki babu abinci, mi jiki ke ci?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, duk wanda ya ci kasuwar Baleyara ran Lahadi cikin bazara ya ga bisashe ramammu. Saniyar da ta yi tozo da kaka, yanzu ana ƙirga haƙarƙarinta. Ina naman ya tafi? Jikinta ne ya cinye shi. Mutum ma haka ne. Dattawan Kurfai da suka ga yunwar 1973 da ta 1984 sun san wannan.

Jiki kamar murhu ne, wutarsa ba ta mutuwa dare da rana. Itacensa na farko sukari ne, wanda yake samu cikin tuwo da fura. Hanta tana ajiye kaɗan, abin da zai kai kamar kwana guda. In ya ƙare, sai jiki ya koma ga kitse. Hanta ta narkar da kitsen, ta yi wani makamashi da likitoci ke kira keton. Jini ya kai shi ga zuciya da tsoka da ƙwaƙwalwa, aiki ya ci gaba.

Amma jini ba ya zama babu sukari, kuma abin da kitse ke badawa bai isa ba. Nan ne jiki ke taɓa tsokarsa, kamar mai gidan da itace ya ƙare masa ya shiga zare karan darni.

Tsoka ginin furotin ce. Tubalan furotin kuwa su ne amino asid, iri 20. In jiki ya rushe su, mafi yawansu hanta tana iya maida su sukari. Waɗansu, irin su izolusin da tirozin, suna bin hanya biyu: sukari da keton. Biyu kaɗai ne ba su zama sukari ko kaɗan, sai keton. Sunansu lusin da lizin. Keton ɗin da suke badawa kaɗan ne, mafi yawa daga kitse yake fitowa. Asarar ita ce tubalin gini ya zama itacen wuta.

Ga abin da ya shafe mu. Jiki ba ya iya yin lusin da lizin da kansa, sai an ci su. Lusin ba ya wuya, hatsi da dawa suna da shi. Lizin ne ya yi ƙaranci cikinsu. Shi kuwa yana da yawa cikin wake, nono, cuku, ƙwai, kifi da nama. Yaron da ba ya shan komi sai kunu tsura, cikinsa zai cika amma girmansa zai ja baya. Saboda haka kada mu sayar da wake duka da kaka, lokacin da ma ba ya da daraja a kasuwa. Mu bar na gida. A dama furar yara da nono, ba da ruwa kaɗai ba.

Keton kaɗan, irin na mai azumi lafiyayye, ba ya cutarwa. Ga mai ciwon sukari ne yake iya taruwa ya ɓata jini. Alamunsa su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi da ƙarfi, da wani wari a baki kamar na ɗan itacen da ya nuna ya wuce. In kun ga haka, kada ku jira gari ya waye. Ku nemi mota ko amalanke, ku kai shi likita, Baleyara ko Filinge, wadda ta fi kusa.